FASHIN BAƘI: Salansar bindiga, zaɓin harsashi, da kayan da ke shiga dazukan Kaduna ba tare da an ji motsinsu ba

Duk wanda ya taɓa kai babur gyara Panteka ya san salansa. Ita ce tukunyar ƙarfen nan da ke maƙale a gefen inji, wadda idan ta ɓule sai unguwa duka ta san an tayar da babur. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ita da salansar da ake ɗaura wa bindiga 'yan gida ɗaya ne. Ba'amurke Hiram Percy Maxim, wanda ya fara fito da salansar bindiga kasuwa, ya karɓi takardar mallakar fasaharsa a ranar 30 ga Maris, 1909, daga baya kuma kamfaninsa ya karkata ga ƙera wa injuna salansa.

Finafinan Amurka da na Indiya, da wasannin harbi na waya irin su PUBG da Call of Duty, sun cusa wa matasa wani hoto: a ɗaura wa bindiga ɗan bututu, a ja kunama, a ji "fit", mutum ya faɗi, na ɗakin gaba bai ko juyo ba. A garin da ya sha jin ƙarar harbi daga Afaka zuwa Rigasa, ba abin mamaki ba ne a ji ana tambaya a majalisa: shin akwai bindigar da ba ta ƙara? Idan akwai, me zai faru ranar da ta shiga hannun 'yan bindigar daji?

Amsar tana cikin harsashi. Wanda kuma ya bi zancen harsashi har ƙarshensa zai tarar ya bar finafinai a baya, ya dawo titin Ahmadu Bello, inda hedikwatar Hukumar Ƙera Makamai ta Nijeriya, DICON, take, yana tambayar da ta fi ta salansa nauyi: harsasan da ake kashe mutane da su a Birnin Gwari da Giwa da Igabi, daga ina suke fitowa?

Daga ina ƙarar bindiga take fitowa?

Abin da Bahaushe ke kira harsashi a dunƙule abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda ake yi da tagulla ko ƙarfe. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai 'yar ƙyastu a gindin kwanson, wadda ke kunna albarushin idan allurar bindiga ta doke ta. Sai kuma kan harsashin, wanda shi kaɗai ne ke fita ya tafi. Kwanson kuwa bindiga tofar da shi take yi, ya faɗi ƙasa.

Ƙarar harbi kuma kashi uku ce. Ta farko ita ce ta iskar da albarushi ya haifar, wadda ke tunkuɗo kan harsashin, sannan ta ɓalle daga bakin bindiga da matsanancin zafi da ƙarfi. Ta biyu ita ce tsawar da kan harsashin ke yi a cikin iska idan gudunsa ya zarce gudun sauti. Ta uku ita ce ƙarar ƙarafan bindigar kanta yayin da suke kai da komo.

Salansa da ta farko kawai take iya kokawa. Cikinta ɗakuna ne a jere, inda iskar ke ɗan tsayawa ta huce kafin ta fita, kamar dai yadda ta babur ke yi. Ba ta da iko a kan ta biyu. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, harsashin AK-47 kuwa yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa, wato ninki biyu da ɗoriya. Ko an ɗaura salansa, wannan tsawar tana nan, tana bin harsashin a kan hanyarsa kamar kukan bulala.

Masana sauti suna auna ƙara da ma'aunin desibel. Harbin bindigar yaƙi yakan kai wajen desibel 160. Salansa takan rage tsakanin 20 zuwa 35, abin da ya rage kuwa yana kusa da desibel 140, matakin da ake ɗauka a matsayin iyakar da ƙara guda ke iya lahanta kunne nan take. Ragin yana da yawa ga kunnen mai harbi, amma maƙwabci zai ji.

Wannan ne dalilin da ya sa a ƙasashen da salansa ke halal, muhawarar masu ita kullum kan harsashi take. Akwai harsasan da masana'antu ke ƙerawa su yi tafiya ƙasa da gudun sauti, kuma wasu rundunoni na musamman suna amfani da su: Birtaniya ta yi bindigogin Welrod da De Lisle a Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta yi wani harsashi na musamman domin irin wannan aiki a shekarun 1980. Sai dai komai da farashinsa. Harsashi mai jinkiri ba ya nisa, yana saurin sunkuyawa ƙasa, yana da tsada, ba a kuma yin sa da yawan da ake yin harsashin yaƙi na yau da kullum. Maharba a Finland da Norway da Birtaniya suna sa salansa ne domin kare jinsu da na karnukansu. A Amurka, tun dokar 1934 sai an yi wa salansa rajista da gwamnatin tarayya.

Uba da ɗa

Iyalan Maxim suna da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa. Mahaifin mai salansa, Hiram Stevens Maxim, shi ne ya ƙirƙiro bindiga mai sarrafa kanta a 1884, wadda ake kira da sunansa. Da ita dakarun Lugard suka tunkari Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Sakkwato a ranar 15 ga Maris, da kuma Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a ranar 27 ga Yuli na shekarar. Uban ya kurmance a ƙarshen rayuwarsa saboda yawan gwajin bindigogi. Ɗan ya shahara da neman hanyar rage ƙara.

Akwai darasi a wannan tarihi da ya wuce labarin iyali. Shekara 13 kafin faɗuwar Sakkwato, ƙasashen Turai sun sa hannu a Yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar toka da albarushin kasuwa. Turawa sun gane cewa sarkin da ya samu bindigar zamani, in ba shi da hanyar samun harsasanta a kai a kai, sanda kawai yake riƙe da ita. Adakar da maharbi ke ɗurawa ta baki, ya harba ya ruga, ba ta tsorata su ba. Abin da suka tsare da gaske shi ne hanyar harsashi.

Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya tashi a matsayin garin soja, haka kuma yake har yau. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo, sansanin sojan sama yana Mando, Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, wadda aka kafa a 1964, tana da tsohon matsuguninta a barikin Ribadu da sabo a Afaka. A wannan gari ne, a watan Janairun 1966, Manjo Chukwuma Nzeogwu ya fake da atisayen dare mai suna Damisa ya fitar da sojoji ɗauke da harsasai masu rai, waɗanda aka auka wa gidan Sardauna da su, inda Gidan Arewa yake a yanzu. Juyin mulkin farko a Nijeriya ya bi ta ƙofar rumbun harsasai kafin ya isa ƙofar Firimiya.

Ɗan bindigar daji yana son a ji shi

A daren 11 ga Maris, 2021, aka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka. A ranar 24 ga Agusta na shekarar, 'yan bindiga suka kutsa NDA, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya. A ranar 28 ga Maris, 2022, aka dasa wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bam, aka buɗe masa wuta, dangin fasinjoji suka kwana suna jira a tashar Rigasa. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe yaran makarantar Kuriga.

Labarin waɗanda suka tsira daga hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Arewa maso Yamma kusan iri ɗaya ne: rugugin babura, sai harbi ba ƙaƙƙautawa, sama da ƙasa. Ƙarar tana cikin makaman maharan. Ita ke watsa mutane, ta karya zuciyar 'yan sa-kai, ta sanar da ƙauyukan da ke kewaye cewa kada wanda ya kawo ɗauki. Wanda sana'arsa ita ce tsoratarwa ba shi da bukatar salansa.

Amma irin wannan harbi yana cin harsashi kamar wuta da ƙeƙasasshiyar ciyawa. AK-47 tana iya aman harsashi 600 a minti guda, gidan harsasanta kuma 30 yake ɗauka. Idan aka danne kunama ba a saki ba, cikin daƙiƙa uku ya ƙare. A ƙaddara mahara 20 ne, kowannensu ya ƙarar da gida huɗu: harsashi 2,400 ke nan a hari guda. Kowane harsashi bai wuce nauyin giram 16 da ɗan kai ba, saboda haka duka 2,400 ɗin ba su kai kilo 40 ba. Buhun shinkafa ya fi su nauyi.

A nan matsalar take. Kayan da za su iya tashin gari guda suna shiga bayan mota ɗaya, a ƙarƙashin buhunan hatsi, su wuce shingen bincike goma ba wanda ya ji motsinsu. Rundunonin 'yan sanda a Zamfara da Katsina da Kaduna sun sha gabatar da masu safara, har da mata, waɗanda aka kama da ɗaruruwan harsasai a cikin kayan tafiya.

Harsashi ma yana da yare

Bindiga ba ta cin kowane harsashi. Kowace da girman nata, ana kuma rubuta shi da lamba biyu: faɗin kan harsashin da tsawon kwanson, a ma'aunin milimita. Harsashin AK-47 shi ne 7.62x39, wanda Tarayyar Sobiyet ta ƙirƙira a 1943. Na bindigogin G3 da FN shi ne 7.62x51, wanda ƙungiyar tsaro ta NATO ta amince da shi a 1954. Faɗinsu ɗaya, amma ba a musanya su: na wannan ba ya shiga waccan. Akwai kuma 5.56x45, wanda NATO ta ƙara a 1980, da 7.62x54 na mashin-gan ƙirar PK, da manyan harsasai masu milimita 12.7 na bindigar da jama'a ke kira AA. Yadda ƙarfin wutar 'yan bindiga ya kai ya bayyana a ranar 18 ga Yuli, 2021, lokacin da suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya tsira da ƙyar.

Saboda haka, ƙasar da ta zaɓi girman harsashi ta zaɓi abokan cinikinta, ta kuma zaɓi waɗanda za su iya amfana da kayanta idan sun ɓace. Nijeriya ta fara da zaɓin Yamma. Dokar Majalisa ta 1964 ce ta kafa DICON, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina masana'antar a Kakuri, a tsallaken kogi. An tsara ta ta riƙa ƙera bindigogin Beretta na Italiya, tare da harsashi miliyan 12 na 7.62x51 da miliyan 4 na milimita 9 a kowace shekara. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa ta aiki ba dare ba rana. Da yaƙi ya ƙare, ciniki ya faɗi, Jamusawa suka tafi, masana'antar ta shafe shekaru tana neman abin rufin asiri, har da ƙera kujeru da tebura.

A hankali AK-47 da 'yan uwanta, musamman ƙirar China, suka zama bindigar hannun soja da ɗan sanda. DICON ta bi sahu da tata ƙirar mai suna OBJ-006 a zamanin Shugaba Obasanjo, a 2018 kuma ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin PGZ na Poland domin ƙera bindigar Beryl mai cin harsashin 7.62x39. A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta maye gurbin ta 1964.

Wannan zaɓi yana da hujja: harsashin AK yana da araha, ƙasashe da dama na yin sa, bindigar kuma tana jure ƙura da rashin kulawa. Amma yana da illa guda babba. Soja, da ɗan sanda, da ɗan bindigar dajin Kamuku, da ɗan ta'addan Tafkin Chadi, duk yare ɗaya bindigoginsu ke ji. Harsashin da ya fita daga rumbun gwamnati da safe zai iya shiga bindigar ɗan fashin daji da yamma, ba tare da an sauya masa komai ba.

Bindiga tsufa take yi, harsashi ƙarewa

AK-47 da aka ƙera shekara 40 da suka wuce tana iya aiki yau idan an kula da ita. Sau ɗaya ake sayen ta. Maƙera ma suna iya ƙera bindigar gida, jami'an tsaro kuma sun sha bankaɗo irin waɗannan maƙeru a jihohin Filato da Benuwai da Kudancin Kaduna. Harsashin yaƙi kuwa ya fi ƙarfin maƙera. Yana bukatar injunan da ke matse kwanso daidai da ma'auni, da masana'antar sinadarai mai yin albarushi marar hayaƙi. Kusan duk harsashin AK da aka harba a daji, wata masana'anta ce mai lasisi ta yi shi, wata hukuma ko wani dillali mai takarda ya fara sayen sa. A wani wuri a kan hanya ya sauka daga halal zuwa haram.

A ƙarshen watan Satumban 2021, gwamnatin Nasir El-Rufai ta katse layukan waya a wasu sassan jihar, ta hana hawa babura, ta hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Tunanin shi ne a yanke wa 'yan bindiga abin da suke bukata kullum. Fetur da waya da babur kuwa kowa na bukatarsu, shi ya sa talakan da ba ruwansa ya fi kowa jin jiki. Harsashin yaƙi shi ne kaya ɗaya tilo da ɗan bindiga ke bukata kullum, wanda manomi da ɗan kasuwa ba su da abin yi da shi. Toshe hanyarsa ba zai hana kowa zuwa gona ko kasuwa ba.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta farko ita ce ta hamada. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya sun watse, kayansu suka bi ta Nijar da Mali. A watan Janairun 2020, cibiyar bincike ta Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka ƙwace a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta gano wasu sun fito daga Libiya, wasu daga rumbunan gwamnatin Kwaddibuwa, wasu kuma irinsu ɗaya da waɗanda aka gani a hannun masu iƙirarin jihadi a yankin Sahel.

Ƙofa ta biyu ita ce ta teku. A 2017 kaɗai, Hukumar Kwastan ta kama bindigogi 2,671 ƙirar famfo a Legas, a kamu huɗu. A farkon Yulin 2024 ta sanar da kama kwantena a tashar Onne ta Jihar Ribas, ɗauke da bindigogi 844 da harsasai 112,500 daga Turkiyya.

Ƙofa ta uku ita ce ta cikin gida, ita ce kuma mafi ɗaci. Rahoton cibiyar ya samu makaman jami'an tsaron Nijeriya a cikin waɗanda aka ƙwace. Wasu a fagen daga ake ƙwace su bayan an kashe masu su, wasu kuwa sayar da su ake yi. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disambar 2018 akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a iya bayanin inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar 'yan sanda ta musanta cewa adadin yana nufin sun ɓace. A watan Oktoban 2024, a wurin lalata makaman da aka ƙwace a Abuja, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Nuhu Ribadu, ya faɗa a bainar jama'a cewa kaso mai yawa na makaman da ke hannun miyagu asalinsu na gwamnati ne. A watan Mayun 2025, rundunar Operation Hadin Kai ta sanar da kama sojoji 18 da 'yan sandan kwantar da tarzoma 15 bisa zargin safarar makamai da harsasai. Da ɗan gari akan ci gari.

Bindiga tana da lamba, ana iya ƙirga ta, ana iya tambayar wanda aka danƙa wa. Harsashi ya fi sauƙin sacewa, domin aikinsa ke nan ya ƙare. Jami'in da ya harba 50 a artabu, ya rubuta 200, wa zai shiga daji ya ƙirga kwanso?

Abin da ke rubuce a gindin kwanso

Kwanson da bindiga ta tofar shaida ne. A gindinsa akwai tambarin masana'anta, galibi haruffa ko lamba, tare da shekarar ƙira. Masu bincike sun san haruffan OFN a matsayin tambarin masana'antar Kaduna, kamar yadda suka san lambobin masana'antun China da na Rasha.

Misalin ƙarfin wannan shaida ya ratsa ta Nijeriya. Daga 2006, masu bincike suka fara cin karo da wasu harsasai marasa sunan masana'anta a wuraren rikici daban-daban na Afirka. A watan Oktoban 2010 aka kama kwantena 13 a tashar Apapa, an rubuta kayan gini ne, ashe rokoki ne da harsasai daga Iran. Kwatanta waɗannan da waɗancan ya taimaka wa Conflict Armament Research, a rahotonta na Disambar 2012, ta tabbatar da harsasan Iran a ƙasashen Afirka tara. A 2013 wata kotu a Legas ta ɗaure Ba'iraniye Azim Aghajani shekara biyar kan kayan na Apapa.

Sai dai sanin masana'anta da shekara ba ya nuna hannun da ya karkatar da kaya. Masana'anta ɗaya tana iya sayar wa ƙasa goma a shekara guda. Abin da ke nuna hannu shi ne lambar rukuni. Brazil, bayan dokarta ta 2003, ta wajabta a buga irin wannan lamba a jikin kowane kwanso da aka sayar wa jami'an tsaro, a kuma rubuta hukumar da ta karɓa. Da aka kashe Alƙaliya Patrícia Acioli a watan Agustan 2011, lambar da ke jikin kwanson ta kai masu bincike ga harsasan da aka ba 'yan sandan jihar, aka kuma hukunta 'yan sanda kan kisan.

Kisan Marielle Franco, kansila a birnin Rio de Janeiro, a ranar 14 ga Maris, 2018, ya nuna ƙarfin tsarin da kuma rauninsa. Ba a taɓa gano bindigar ba, amma kwanson da aka tsinta sun nuna rukunin UZZ-18, wanda aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Matsalar ita ce rukunin ya ƙunshi harsashi kusan miliyan biyu, alhali ƙa'ida ta ce 10,000, an kuma rarraba shi jihohi da dama. Lambar ta tabbatar kayan gwamnati ne, amma ta kasa nuna rumbu guda. An yanke wa tsoffin 'yan sanda biyu hukunci kan kisan a Oktoban 2024. Darasin a fili yake: idan rukuni ƙarami ne, zargi kan mutum kaɗan yake faɗawa.

Me doka ta ce?

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko, haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa: mashin-gan, da fistol, da bindigogin yaƙi, waɗanda dokar ta ambata da girman harsashinsu, ciki har da milimita 7.62 da milimita 9. Na biyu, irin na farauta, da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku, bindigogin toka, da izinin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mallakar harsashi ba tare da lasisi ba laifi ne mai zaman kansa, ko da mutum ba shi da bindiga. Wannan doka ce ta sa kiran da Gwamna Bello Matawalle ya yi wa mutanen Zamfara a watan Yunin 2022, cewa su nemi lasisin bindiga, ya ci karo da adawar Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor.

A matakin yanki, Nijeriya ta riga ta yi alƙawarin da Brazil ta aiwatar. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da harsasansu, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni, 2006, ta fara aiki a 2009, ta ce a buga wa harsashi lambar rukuni, da sunan masana'anta, da ƙasa, da shekara, a jikin kwanson kansa. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Agustan 2013. A Disambar 2023 Majalisar ta amince da tsarin duniya na kula da harsashi daga masana'anta har zuwa ƙarewarsa. A cikin gida, an kafa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai a watan Mayun 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, aka kuma ba ta doka a 2024. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba.

Kula da rumbu kuma ba batun sata kaɗai ba ne. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairu, 2002, ta hallaka mutum fiye da 1,000. Garin da unguwanninsa suka kewaye barikoki kamar Kaduna yana da dalili biyu na damuwa da yadda ake ajiya.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Duk shekara Majalisar Tarayya na amincewa da kasafin tsaro, 'yan majalisar da ke wakiltar Kaduna ta Arewa da Igabi da Birnin Gwari suna cikin masu kaɗa ƙuri'a. Akwai tambayoyin da matashi zai iya yi musu a taron gari ko a shafukan sada zumunta, waɗanda amsa su ba ya tona wani sirrin yaƙi.

Shin harsasan da DICON ke ƙerawa, da waɗanda ake sayowa daga waje, suna ɗauke da lambar rukuni a jikin kwanso kamar yadda yarjejeniyar ECOWAS ta tanada, kuma harsashi nawa ne a rukuni guda? Idan an gabatar wa 'yan jarida harsasan da aka kama, ana rubuta tambarin gindinsu kafin a adana su ko a lalata su, kuma wa ke riƙe da wannan kundi? Wa ke ƙirga rumbunan soja da na 'yan sanda, ban da waɗanda makullin ke hannunsu? Jami'an da aka kama da laifin sayarwa, ina shari'arsu ta kwana, kuma wa ya sa hannu kayan suka fita? Sababbin rundunonin tsaro na jihohi da ake ta kafawa, idan aka ba su harsashi, a wane littafi ake rubutawa?

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a. Bayan an kai hari, yara kan tsinci kwanso su yi wasa da shi, 'yan gwangwan su saye shi da nauyi, ko a share shi a zubar da shara. Harsashi mai rai kada a taɓa shi, kada a kai shi gida: haɗari ne, laifi ne kuma a doka, abin yi shi ne a sanar da jami'ai. Kwanson da aka riga aka harba kuwa, hoton gindinsa da ɗan jarida ko mai unguwa zai ɗauka da waya a inda ya faɗi, tare da rana da sunan wurin, yana iya zama shaidar da za ta nuna ko daga Libiya ya fito, ko daga tashar ruwa, ko daga rumbun da aka cika da kuɗin harajin waɗanda aka harba da shi.